Kalmar Garkuwa Ce Ta Cinye Ni

A lokacin ni direba ne, ina ɗauko hatsi daga kasuwar Salka zuwa Kontagora, kuma a tasha ba wanda ya kai ni surutu da tsokana. Sai ciki ya fara murɗa mini, bayan gida ya koma jini da majina. Kowa ya ce basir ne, ni ma na ce basir ne. Babu jiƙon da ban ɗirka ba, har na mai tallan magani da lasifika a bakin tasha. Na rame, na koma tsayar da mota a kowane daji, fasinjojin da ke kan buhuna suna yi mini dariya.

Da abin ya ci tura, yayana ya kai ni wani babban asibiti, aka zura na'ura aka duba hanjina. Likitar ta ce ba basir ba ne. Wai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira sojojin jiki, su ne ke fita daga jijiya suna tururuwa zuwa bangon hanji, suna yaƙi ba abokin gaba, har suka mai da shi gyambo. Ta ce akwai ƙarin ruwa da ke tare musu hanyar shiga hanjin, kamar shingen kan titi, amma samunsa da wuya, kuma ba a fashinsa. Da ƙyar aka samo. Na fara, jinin ya tsaya, har na ci tuwo na ƙoshi.

Da na dawo gida, surukina ya tambaye ni me aka gano. Don in taƙaita, na ce garkuwar jikina ce ta samu matsala. A garinmu kuwa cuta ɗaya aka sani da ke taɓa garkuwar jiki. Ga rama, ga gudawa, ga zuwa asibitin nesa karɓar magani. Kafin in ankara zance ya zaga tasha cewa ƙanjamau ne. Matata ta yi ta rantsuwa tana kare ni, amma iyayenta suka zo suka tafi da ita Ibeto. Don in ƙaryata mutane sai na daina zuwa ƙarin ruwan, na koma cewa basir ne kawai.

Ciwon ya dawo fiye da na da. Da aka sake kwasata zuwa asibiti, likitar ta ce sojojin da ke shigowa kawai maganin yake tarewa, ba ya gyara abin da suka riga suka rushe. Aka yanke hanjin. Yanzu ledar tara bayan gida ce manne a cikina, na bar tuƙi, kuma matata ba ta dawo ba. Wallahi baƙin cikin nan ba ya barina.

Duk mai ganin jini a bayan gida, ya je a duba shi kafin ya sa wa ciwon suna. In an ba ka magani, kada bakin mutane ya raba ka da shi. Waɗanda na bar nawa dominsu har yau ba sa shan ruwa a kofina.