Ranar da Muka Je Kudan Binciken Magini

Shekarata uku a ɗakin miji sa'ad da maigidana ya ce zai gina mini soro. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, don na tuna har lokacin 'yar tutar nan mai kore da fari da aka raba wa 'yan makaranta tana soke a jinkar zauren maƙwabcinmu, rana ta koɗar da ita. A Nasarawan Doya muke zaune, ni da maigida da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Inna, sai 'yata ta fari da ke goye. Maigida manomin rake ne. Shi da ƙannensa suna da injin matsa wanda doki ke juyawa, suna dafa mazarƙwaila su kai kasuwar Makarfi, kuma a shekarar Allah ya yi wa raken albarka. Ɗakina kuwa na jinka ne, damina biyu ke nan da zarar hadari ya haɗo sai in naɗe tabarma in koma lungu guda da jaririya.

Abin da ya tsaya mana shi ne magini. Tsohon da ya gina duk sorayen garinmu idonsa ya yi rauni, ɗansa da ya kamata ya gaje shi kuma ya tafi Kaduna aikin masaƙa. Ana cikin wannan tunani, wata ranar kasuwa maigida ya dawo daga Makarfi bakinsa har kunne. Ya ce ya gamu da wani mutumin Ikara da ya zo sayen mazarƙwaila, hira ta kawo hira, ashe magini ne, ya yi gine-gine a Ikara da Kudan. Har ya nuna masa wata igiya mai dalma a ƙasanta, wadda yake sakewa a jikin bango ya gane ko ya miƙe.

Maigida shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ni ce 'yar aike ko da kuwa yana zaune gabanta. Tana tsinkar rama ta ce, "Ke, tambayi mai rake, maginin nan ɗan gidan wane ne?"

Maigida ya ce bai tambaya ba.

"Wa ya koya masa gini?"

Wannan ma bai tambaya ba.

"To me ya sani a kansa?"

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana da igiya mai dalma."

Inna ta ce, "Gaya masa masunci ma yana da ita."

Na toshe bakina da gefen zane don kada dariya ta kuɓuce mini a gaban miji.

Kwana biyu bayan haka maigida ya hau kekensa da sassafe ya nufi Ikara. Ya dawo bayan la'asar, ƙafafunsa fututu, ya ce gida uku ya gani, duk masu gidajen sun yabi mutumin, ɗaya ma har fura ya sa aka dama masa. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta sa na tambaye shi a ina aka yi hirar. Ya ce a zaure.

Ta ce, "Zaure ai fuskar gida ce, kowa yana wanke fuskarsa. Namijin da ya yi gini ba zai zauna gaban baƙo ya ce an cuce shi ba. Kuma ran da ɗaki ke yoyo ba shi ke tara ƙwarya ba." Ta juyo ta dube ni. "Ke ba 'yar Kudan ba ce? Yaushe rabonki da ganin gida?"

Rabona da gida ya fi shekara. A ranar ban san lokacin da na gama tuƙa tuwo ba saboda murna.

Muka taka da ƙafa zuwa Makarfi, Inna da ƙwaryar daddawa a ka, ni da goyo da ƙullin mazarƙwaila na tsaraba. Daga nan muka samu a-kori-kura mai zuwa Kudan, aka ɗora mu bisa buhunan gyaɗa. Duk ramin da motar ta faɗa sai Inna ta yi salati ta damƙe mini hannu, da muka sauka kuwa ta ce ai tafiyar ba wani abu ba ce. A gidanmu gaisuwa tsakaninta da mahaifiyata ta kusa cinye hantsi, kowace tana durƙushe tana jiran ɗayar ta fara tashi. Sai da aka ci aka sha sannan Inna ta faɗi abin da ya kawo mu. Mahaifiyata ta san gida biyu da mutumin ya yi wa aiki, ta kwatanta mana.

Gidan farko na wani mahauci ne a bayan kasuwa. Muka yi sallama muka shiga a matsayin baƙi masu zuwa gaisuwa, matar gidan ta shimfiɗa mana tabarma a cikin soron. Inna ba ta ambaci magini ba. Ta yabi ɗakin, ta yabi jeren kwanuka, ta roƙi ruwan sha. Matar na fita sai na ga Inna ta miƙe kamar yarinya. Ta ɗaga kai tana bin azarar rufin ɗaya bayan ɗaya, tana neman baƙin tabon da ruwa ke bari. Ta tsuguna ta karci gindin bango da farce, ta leƙa bayan jere ko gara ta yi hanya. Kafin matar ta dawo har ta koma ta zauna tana wasa da jikarta.

Bayan ta sha ruwa ta ce, "'Yar nan, da damina ina kike ajiye garinki?"

Matar ta nuna wata tukunya da ke jingine da bango. "Nan inda kike gani, Inna."

"Ba kya matsar da ita?"

"Damina huɗu ke nan ban matsar ba."

Sai a nan Inna ta tambayi wanda ya yi ginin. Matar ta tafa hannu ta ce, "Wannan mutumi! Aikinsa ba laifi, amma akwai nawa. Ya sa aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya ce a bar ta ta ruɓa, kullum a zuba ruwa a tattaka. Maigidanmu har ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Ga shi ba ya cin miya mai yaji, sai na raba tukunya biyu."

Muka fito ina jin kamar an riga an gina mini nawa.

Gida na biyu shi ya kashe mini murna. Tun daga ƙofa muka hango bangon ɗakin ya tsage daga sama, kusurwa ɗaya ta zube, an tokare ta da gungumen itace. Matar ɗakin, wata yarinya sa'ata, ta ce ai wannan maginin na Ikara ne ya yi, haka mijinta ya gaya mata, kuma tun daminar farko suke shan wahala. Muka yi mata jaje muka fito. Na ce, "Inna, shi ke nan, sorona ya tafi."

Inna ta yi gaba. Ta zagaya bayan ɗakin ta tsaya tana kallo, ni ina biye. Can ta ce, "Ke, dubi nan. Bangon nan kala nawa ne?"

Na duba da kyau. Daga ƙasa zuwa daidai ƙirjina ƙasar ja ce sosai, lafiya lau, ko tsaga babu. Daga nan zuwa sama kuwa ta yi fari-fari, tana marmashewa, inda yaɓe ya ɓare ana ganin tubalan a karkace.

Muka koma cikin gidan. A gindin wata bishiyar lemo akwai wata tsohuwa tana kaɗi, uwar maigidan ce. Inna ta zauna kusa da ita, suka gaisa irin ta tsofaffi, ta ɓallo goro ta ba ta, sannan ta ce, "Yaya, bangon can hannu ɗaya ne ya gina shi?"

Tsohuwar ta ajiye mazari ta yi dariya har da tari. Ta rage murya don kada surukarta ta ji, ta ce ɗanta ne ya ƙagu a gama ɗakin kafin ranar tarewa. Magini kuwa layi kaɗan yake ɗorawa a yini, ya ce sai na ƙasa ya bushe zai hau da na sama. Suka yi ta sa-in-sa, ƙarshe magini ya ce shi ba zai ɗora nauyi a kan ɗanyen bango ba, ya tattara kayansa ya yi sallama. Ɗanta ya samo waɗansu suka ƙarasa cikin 'yan kwanaki.

Ta ce, "Amarya ta tare a kan lokaci, bango ma ya tsage a kan lokaci."

Kwanana uku a gidanmu, na zaga dangi na sha gara, sannan muka koma. Muna shiga gida, tun Inna ba ta sauke ƙwarya ba ta ce, "Gaya wa mai rake a kira mutumin."

Ya zo ranar wata Asabar, dogo, siriri, mai magana a hankali. Maigida ya sauke shi a zaure, Inna ta fita ta zauna a bakin ƙofa, ni kuwa na laɓe bayan zana ina saurare. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam magini, na je Kudan na ga ɗakin da ya tsage."

Ya ce, "Inna, rabin bangon nawa ne, rabi ba nawa ba. Amma ina da laifi a ciki. Na karɓi aikin ban fara tambayar ranar biki ba." Ya ɗan gyara zama. "Ku fa, akwai bikin da kuke jira?"

Inna ta yi dariya ta ce babu, sai dai damina. Ta tambaye shi wanda ya koya masa, ya ce kawunsa ne a birnin Zariya, ya daɗe yana miƙa masa tubali kafin a bar shi ya aza ko ɗaya. Daga nan ya nemi a kai shi ya ga ƙasar da za a yi aiki da ita. Kududdufin da ke kusa da gidanmu ya murza ƙasarsa a tafin hannu ya ce yashi ya yi mata yawa, ya zaɓi wani can bayan gari. Maigida ya yi gunaguni, don sai an nemo jakuna, amma ya nemo.

Matar mahauci ba ta yi ƙarya ba, mutumin nan akwai nawa. Aka kwaɓa ƙasa aka bar ta, aka yi tubali aka shanya, aka haƙa tushe, ni dai kullum ina leƙe ta kafar zana ina ganin kamar bangon ba ya motsi. Azara ma sai da ya bi ta ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya ware guda biyar ya ce ba su ƙosa ba, a mayar. Miya kuwa tukunya biyu na riƙa ɗorawa.

Abin da ban manta ba shi ne ranar da bango ya kai kafaɗa, magini ya aiko Inna ta tambaye ni ina zan sa gadona, kuma ta wane gefe nake son taga. Tunda nake ba a taɓa tambayata irin wannan ba. Na ce ina son ta ta gabas, don in riƙa ganin hasken safiya. Inna ta ce taga ƙofar sanyi ce da ɓarayi. Magini ya ce zai yi ta yadda ko kan ɓarawo ba zai shiga ba, sai dai hannunsa, kuma ba zai tarar da komai a wurin ba. Haka aka yi ta, 'yar ƙarama, da murfin katako.

Da aka rufe soro aka shafe shi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa shiga, matan unguwa suka taru suka yi mini daɓe. Na dafa dambu tukunya guda, suka yini suna bugun ƙasa suna waƙa, suna tsokanata wai na zama matar birni. Na tare saura kwana kaɗan ruwa ya sauka.

Ruwan farko da rana tsaka ya zo, mai ƙarfi, da iska. Na zauna a tsakiyar ɗaki da 'yata a cinya, na ɗaga kai ina jiran ɗigo. Shiru. Ina cikin hamdala sai na ji kururuwar Inna daga tsakar gida, haɗe da kukan akuya. Na leƙa. Ashe indararon soron, inda ruwan rufi ke zubowa, ya saitu daidai turken akuyar Inna. Ruwa na sauka a gadon bayanta kamar an tuntsurar da randa, tana tsalle tana neman tsinke igiya, Inna kuma na fama da ƙulli, ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf. Na ajiye yarinya na fita na taya ta, muka ja akuyar zuwa rumfa, mu duka uku muna ɗigar ruwa. Muka dubi juna, ni da Inna, sai dariya ta ƙwace mana.

Bayan kwana uku sai ga magini ya zo da kansa, ba wanda ya aika masa. Ya ce haka yake yi, duk inda ya yi gini yakan dawo bayan ruwan farko ya hau rufi ya duba. Ya hau ya zagaya, ya danne wani wuri da ƙafa, ya sauko ya ce lafiya. Inna ta kai ƙarar indararo. Ya dubi turken, ya dubi sama, ya kama haɓa ya ce, "Inna, na auna bango, na auna rufi, ban auna akuya ba."

Ya nemo guntun giginya ya fafe shi, ya ƙara wa indararon tsawo, ruwan ya koma zuba can bayan katanga. Da zai tafi Inna ta kama kaza ta ba shi, ya rataye ta a kekensa ya kama hanyar Ikara. Akuyar dai duk da gyaran ba ta ƙara yarda an ɗaure ta a wannan gefen ba. Da an ja ta wajen sai ta turje ta kafe ƙafafu, dole aka tumɓuke turken aka mayar da shi gindin zogale.