Rumfa a Ƙarƙashin Fitila

A ɗakina na Saint-Denis, kusa da Paris, nake kiwon karfasa cikin baho, ruwan kashinsu yana zagayawa ya shayar da yakuwa da lalo. Rana ce babu, don tagar bango take kallo. Sai na sayi dogayen fitilu farare biyu masu araha, irin na gareji, na rataye su dab da ganyen. Yakuwa ta yi kore shar.

Da yayana ya zo daga Lyon, ya dube su ya taɓe baki. Dokta ne a lissafi, amma ko fartanya bai taɓa riƙewa ba.

Ya ce, "Ƙanena, wannan ai fitilar bakanike ce. Zo ka ga tawa."

Na je gidansa a unguwar Minguettes, can wajen Lyon. Tasa mai tsada ce, ja da shuɗi, har da telekomand, wato rimot, ta mai da falon kamar gidan rawa. Yakuwarsa kuwa ta zanƙale, ta ɗashe kamar mai jinya. Da na duƙa sai na ga dalili: ya ɗaura tsohon zanen matarsa tsakanin fitila da shuka.

"Yaya, wannan fa?"

"Rumfa ce. Ba haka Baba ke yi wa dashe a Maradi ba, kar rana ta ƙone shi?"

Mutum ya sayi rana da tsada a ƙasar da babu ita, sannan ya yi mata rumfa!

Matarsa ta rako ni bakin asansar, wato lif ɗin benen, ta rage murya ta ce in zan dawo in taho mata da yakuwa.