Katakon Gado a Rigar Baba

Babana ta takalma ya san mutane. In ka yi sallama a ƙofar gidanmu, ƙafarka zai kalla ya kira sunanka, ya kuma gaya maka dunduniyar hagu ta fara cinyewa. Ranar da mijina ya sa sabon takalmi ya zo gaishe shi, Baba ya tambaye ni wane baƙo na kwaso masa. Ba girman kai ba ne, ba kuma kunya ba. Wuyansa ne ya sunkuya, bayansa ya bi shi, har a masana'antar da muke aiki babu mai kiransa da komai sai Lauje, shi kuma yana amsawa hankali kwance.

Mitar ruwa ake yi a masana'antar. Ni ina sashen kwali, inda muke naɗe waɗanda aka gama mu liƙe, shi kuwa yana ɗakin haɗi, ɗaki mai sanyi da fararen fitilu, inda sai ka sa hula da farar riga kafin a bar ka ka shiga. Aikinsa shi ne cikin mitar: 'yan ƙafafun ƙarfe masu haƙora da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da wata murɗaɗɗiyar waya siririya kamar gashi. Da matsefata yake ɗaukarsu, ya leƙa ta gilashin ƙara girma, ya ɗora kowanne a gurbinsa. In abu ya karkace kaɗan, mitar za ta yi ta shirga wa wani gida ƙarya. Teburin gajere ne, gilashin a ƙasa yake, kujerar ba ta da majingina, fitilar kuma a bayansa take, saboda haka inuwar kansa kan faɗa kan aikin, sai ya ƙara duƙawa don ya gani. Haka yake zaune tun kafin a haife ni, kuma a duk ɗakin babu wanda hannunsa ya kai nasa.

Ummanmu ba ta taɓa yarda wuyan ne ba. A wurinta hali ne.

"Mutum ana yi masa magana yana ƙirga tururuwa," in ji ta. "Malam, ka ɗago ka dube ni mana, ko bashinka nake bi?"

"Ina ganinki," in ji Baba. "Silifas ɗinki ya tsinke."

Abin da Baba yake tsoro a duniya ɗaya ne: sito. A masana'antarmu ba a korar tsoho, sai dai a ce an ɗauke masa nauyi, a kai shi sito ya zauna bakin ƙofa yana kallon kwali na shiga da fita har ya gaji ya yi murabus da kansa. Baba ya ga an yi wa abokansa haka. Ya sha cewa gara a ɗauke shi daga kan teburinsa a kai shi makwancinsa da a ba shi makullin sito.

Sai ga wata injiniya an kawo, mace mai fara'a, da tef ɗin awo rataye a wuya kamar tela. Aka tara mu aka ce za ta sake wa 'yan ɗakin haɗi tebura da kujeru, kowa daidai jikinsa, don a rage ciwon baya da na wuya. Za ta auna kowa, ta tambaye shi inda ke damunsa. Magana ke nan mai sauƙi, amma ba ta kai yamma da sauƙinta ba, saboda akwai Rediyo.

Rediyo shi ne maƙwabcin Baba a tebur, mutumin da bai taɓa jin labari ya bar shi yadda ya same shi ba. Ya matso ya raɗa masa, raɗar da har mu 'yan kwali muka ji.

"Lauje, ka buɗe ido. Wa ya taɓa auna mutum don jin daɗinsa? Masu doro ake nema. Duk wanda ya ce nan na ciwo, sito. Kai ma ai ba sai ka yi magana ba, tef ɗin zai faɗa."

Na raka Baba gida ranar, bai taɓa abinci ba. Ya jingina da bango yana ƙoƙarin haɗa ƙeyarsa da shi, ƙeya ta ce ba da ita ba. Can sai muka ji ƙarar guduma a ɗaki. Umma ta leƙa ta tarar ya ɗage katifa ya zare katako ɗaya daga cikin na gadonsu.

"Malam, lafiya? Gadon ne ya yi maka laifi?"

"Kawo mini tsohon zanenki, ki daina tambaya."

Ya dasa katakon a gadon bayansa daga ƙugu zuwa ƙeya, ya sa Umma ta naɗe shi da zane tam kamar mai goyo, ya ɗora riga. Wallahi sai ga Baba ya ƙara tsawo. Idanunsa sun yi ja, numfashi na fita da ƙyar, amma a miƙe yake. Ya dubi Umma ido da ido, ya ce ashe ta yi furfura. Ta ce shi ya jawo mata ita.

Na yi masa magana, Allah ya sani. Na ce Baba, matar nan gyara ta zo yi. Ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa sharrin manyan ofis.

Ranar awo ya shiga ɗakin haɗi kamar soja mai faretin karɓar lambar yabo. Injiniyar ta zaunar da shi, ta auna daga kujera zuwa idonsa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Baba, ina ne ke maka ciwo in ka daɗe a zaune?"

"Ni? Babu."

"Wuya fa? Ko kafaɗa?"

"'Yata, ni ko ciwon kai ban sani ba."

Ta dube shi, ta dubi tef ɗin, ta rubuta abin da ta gani. Shi kuwa Rediyo, da aka zo kansa, bakin ya ƙi rufuwa kamar kullum. Ya manta da gargaɗin da ya yi wa mutane, ya zayyana mata ciwonsa tun daga ƙeya har ɗan yatsan ƙafa, har da wanda ya gada wurin kakarsa.

Da sababbin teburan suka iso, Rediyo ya samu kujera mai majingina da matashin ƙugu, da wurin ɗora gwiwar hannu mai laushi, da matakin ƙafa, yana juyi a kai kamar manaja. Kowa an saita masa nasa daidai awonsa, an ɗaure da noti. Fitila ta dawo gefe, tiren kayan aiki ya matso kusa da hannu, gilashin ya hau wani hannun ƙarfe ya tsaya daidai idon mai shi. Na Baba ma ya tsaya daidai idon mai shi, wato wancan dogon sojan da aka auna. Da Baba ya zauna yadda Allah ya bar shi, goshinsa gilashin yake kallo.

Ka ga ke nan dole katako ya ci gaba da zuwa aiki. Kullum da safe Umma ta naɗe shi tana mita, ga gadonsu ya lotsa a tsakiya, su biyun suna gangarowa rami ɗaya. Mutumin da aka ɗaure kamar itacen girki kuwa ba ya iya riƙe matsefata yadda ya saba. Kafaɗa ta ƙage, yatsu suka fara rawa, wayar nan mai kamar gashi ta riƙa tsalle tana ɓacewa. Mitocin da Baba ya haɗa suka fara dawowa daga wurin gwaji da jan fenti a jiki, abin da bai taɓa faruwa ba. Ni nake ware su a sashenmu.

Shugaban sashe ya kira shi gefe, ya ce cikin ladabi, irin ladabin da ke yanka, wai ko Baba ya fara tunanin hutawa, akwai wuri a sito. Siton nan da ya ɗauri katako don gudunsa, ga shi katakon ya kawo shi har bakin ƙofarsa.

Ana haka injiniyar ta dawo duba yadda teburan suka karɓi mutane. Na shigo da tiren mitocin da aka dawo da su, na same ta tsaye a bayan Baba ta harɗe hannu. Ta daɗe tana kallon yadda yake juya jiki gaba ɗaya in zai ɗauki abu, kamar ƙofa.

"Baba," in ji ta a hankali, "kowa a ɗakin nan aikinsa ya gyaru, naka ne kaɗai ya lalace, kuma an ce kai ne gwaninsu. Ko dai ni na yi kuskure, ko kuma ba kai na auna ba. Don Allah zauna mini yadda kake zama in babu mai kallonka."

"Haka nake zama."

"To shi ke nan. Sai in gaya musu teburin daidai yake."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Sito ke nan. Baba ya ajiye matsefata. Ya cire farar rigar, ya kai hannu baya ya kwance zanen Umma mai furanni, ya zaro katakon ya jingina shi da tebur. A gaban idonmu bayansa ya naɗe ya koma laujensa, ya sauke wani dogon numfashi. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta.

"Nan," in ji Baba, ya taɓa ƙeyarsa. "Da nan, tsakanin kafaɗu, kamar an kafa ƙusa. Wannan hannun kuma yakan mutu, sai na girgiza shi." Ya nuna takalmina. "Tun wannan ba ta zo duniya ba."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na girma ina jin ana ce masa Lauje, na ɗauka siffa ce kawai kamar tsawo ko gajarta, ban taɓa jin ya ce wash ba.

Injiniyar ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ɗauko sifana ta durƙusa. Ta sassauta noti ta sauke teburin, ta karkato gilashin ya zo ya sami idonsa inda idon yake, ta ɗaga majinginar ta tallafi bayan a lanƙwashensa, ta sa abin ɗora hannu a ƙarƙashin hannun da ke mutuwa. Ta gaya masa gaskiya, cewa tebur ba zai miƙar da abin da ya riga ya lanƙwashe ba, sai dai ya hana shi ƙaruwa, kuma lalle ya je ya ga likita. Baba ya ɗauki matsefata, ya kama wayar nan, ya ɗora ta a gurbinta tashi ɗaya. Ya haɗa ta biyu, ya haɗa ta uku. Shugaban sashe ya tsaya ya kalla, ya juya ya fita, maganar sito kuma ba a sake tayar da ita ba. Rediyo ya ce ai dama shi ya ba shi shawara ya faɗi gaskiya.

Ni na kai wa Umma labari, da katakon a hannuna. Na zaci za ta yi dariya. Ta karɓa ta mayar da shi gado, ta daɗe a ɗakin ba ta fito ba.

Washegari muka dawo daga aiki muka tarar da ita da guduma. Ta sauko da agogon bango, da madubi, da ƙusar da yake rataye hularsa, da duk hotunan falo, ta kafa su ƙasa-ƙasa, daidai inda idon Baba ke sauka. Falon ya koma kamar na yara. Baba ya bi bangon a hankali yana dubawa, ya tsaya a kan wani tsohon hoto, saurayi miƙaƙƙe da amarya a gefensa.

"Wannan mai dogon wuyan fa, wane ne?"

"Shi na aura," in ji Umma. "Masana'anta ta karɓe shi ba ta dawo mini da shi ba. Zauna ka nuna mini inda ke ciwon, na ɗumama ruwa."