Ɗan Daudawa da Rabin Shafinsa

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, har kaza ake ba mu a jami'a ran Lahadi, amma wani ɗan Daudawa da muke ɗaki ɗaya ya hana ni jin daɗinta.

Ni na taso daga Ƙanƙara da niyyar kada kalma ɗaya ta malami ta faɗi ƙasa. In aka shiga lacca, biro na gudu, yatsu na zogi, saura kaɗan in rubuta har tarin malamin. Shi kuwa gogan sai ya harɗe hannuwa ya zuba wa malami ido. Can ya duƙa ya rubuta layi biyu, ya sake ɗagowa. Awa guda, rabin shafi! Kuma duk ran da sakamako ya fito, shi ne a sama.

Abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na tambaye shi cikin gatse ko tattalin tawada yake yi. Ya ce, "Malam, mu a gonarmu audugar da ta fashe kaɗai muke tsinka. Kai ko har ganye da kara kake dannawa a buhu."

Kwana uku ban kula shi ba. Ran na huɗu, yana fita masallaci na ɗauko littafinsa na kwafe tas. Littafin bai tsinana mini komai ba. Sauran karatun na cikin kansa, can kuwa hannuna bai kai ba.