Ƙanen Kakana a Ƙarƙashin Baƙin Dutse

Har yau in na ji ƙarar guduma a kan dutse sai gabana ya faɗi. Maƙwabcina ke gini, tun safe masu fasa dutse suke ƙwanƙwasa, ni kuwa ko tankaɗe na kasa. Hankalina ya koma bayan gidanmu na Jos, wajen hanyar Rayfield, inda wani ƙaton kwari ya raba unguwarmu da gonakin dankali.

Turawan kuza ne suka fara yanka kwarin nan, ruwan damina ya ƙarasa. In ka tsaya a baki ka leƙa, za ka ga ƙasar hawa-hawa: jar marmara a sama, sai farar ƙasar da muke ɗebowa mu shafe ɗaki da Sallah, sai baƙin dutse, ƙarƙashinsa kuma tsakuwar da kuza ke ciki. A nan ƙanen kakana yake kwance. Suna samari rami ya rufta da shi, aka yi ta tono ba a kai gare shi ba, aka yi masa salla a bakin kwarin babu gawa. Tsofaffin 'yan kuza suka riƙa kiran wurin Kwarin Jana'iza, kuma a al'adarsu ramin da ya ci mutum ba a sake sa masa diga. To, tsofaffin sun ƙare, sunan ya bi su. Saura kakana, kullum da hantsi yana zaune a kan dutse yana gadin wurin, kada wani ya tona masa ƙane.

Shekarun nan kuwa, bayan rikicin da ya raba garin, ba wanda ya yarda da wani. Baƙo ya tambaye ka hanya, sai ka fara tunanin wa ya aiko shi.

Wata rana da kaka, ciyawa ta fara bushewa, na kai wa kakana kunu sai na tarar da wani mutum da malafa da 'yar guduma. Ya ce shi malami ne daga jami'a, duwatsu yake karantawa. Ya nuna baƙin dutsen, ya ce narkakken dutse ne ya malalo ya rufe wani tsohon kogi, shekaru miliyoyi da suka wuce.

Kakana ya dube shi sama da ƙasa. "Kana nan aka yi?"

Malamin ya yi dariya. "A'a Baba. Yaya sunan kwarin nan?"

"Ba shi da suna."

Na buɗe baki, ni da ba a raba ni da surutu, sai kakana ya watsa mini harara. "Amarya, koma gida." Haka yake kirana, wasan jika da kaka, amma ranar babu wasa a muryarsa.

Ban yi nisa ba na ji ihu. Ashe malamin ya gangara ya fara sarar dutsen daidai inda ramin ya rufta. Tsoho ya ɗaga sanda yana cewa ya fito ko ya rotsa masa kai. Mutumin ya hauro yana ba da haƙuri, ya shiga motarsa, ba mu sake ganinsa ba.

A gida kakata ta ce, "Malam, ka faɗa wa mutane gaskiya mana, ka huta."

Ya ce, "Mai tambayar sunan wuri takarda zai kai shi. Daga takarda sai kamfani, daga kamfani sai katafila. Da tambaya Turawa suka fara. Waɗannan yaran kuwa in na ce akwai mutum a ciki, cewa za su yi arziki nake ɓoyewa."

Ai kuwa shirun nasa ma bai hana ba. Samarin unguwa sun ga korar malamin, ga kuza ta sake yin daraja, ga zaman banza. Suka ce tsoho ba ya gadin wofi. Na je sayen sabulu, 'yar Ibo mai shago ta rage murya ta ce, "Baba naki ya ɓoye kuza, kowa ya sani." Na jefar mata da sabulunta na tafi.

Da sanyi ya shigo zazzaɓi ya kwantar da kakana. Washegari guduma ta fara tashi daga kwarin. Kakata ta je ta gaya wa samarin da bakinta cewa akwai mutum a ciki, suka ce, "To Hajiya, mun ji," suka ci gaba. Wallahi na tsane su! Kakana yana kwance yana jin kowane bugu, ya juya fuska ga bango. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai lokacin, har na rasa inda zan sa kaina.

Ana nan wata ranar da azahar gudumar ta yi shiru. Sai ga babban samarin ya yi sallama, jikinsa duk farar ƙasa, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Baba, ka yafe mana. Mun samu mutum."

Na ɗauka kakana zai tsine musu, ni ma abin da nake jira ke nan. Can ya ce a ɗaga shi zaune, a sayo likkafani. Samarin da suka tono shi, su suka ɗauki makarar. Da aka shigo da ita tsakar gida, kakana ya ɗora hannu a kai ya ce, "Ƙanena, na bar ka ka daɗe."

Ban san ko malamin nan da wata manufa ya zo ba, kuma samarin ban gama yafe musu ba, ba zan ɓoye muku ba. Yanzu an cike rabin kwarin da shara, an jera shaguna a kai, ba na ko leƙa shi. Damina ɗaya kakana ya ƙara, aka haƙa masa nasa kusa da na ƙanen. In na je Jos maƙabarta nake wucewa, in tsaya daga bayan katanga in yi wa mutum biyu addu'a wuri ɗaya.