Tsatsar da Baba Mai Giris Ya Rufe

Shekara talatin Baba Mai Giris ya yi a masaƙa yana yaƙi da tsatsa. Ko ɗigo Manaja ya gani a jikin inji, ranar sai Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da aka rufe masaƙar kowa ya kama gabansa, shi kuwa ya zauna gadi, daga shi sai tattabaru.

Sai ga wata injiniya, sa'ar 'yarsa, ta zo da ma'aikata. Ba rushewa za a yi ba, in ji ta, za a mayar da wurin ɗakin karatu da shagunan masu sana'a. Ta hana a zubar da tsohon bulo, ta sa aka wanke shi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙi na'urar sanyaya ɗaki, ta buɗe tagogin sama da aka toshe tun yana saurayi. Baba ya rasa gane ko kamfanin nata talauci ke damunsa ko rowa. Amma ta ce idan masu duba aiki suka gamsu, shi za a bari ya riƙa zagayawa da baƙi. Ba shi da wani wurin zuwa, don haka ya riƙe maganar da hannu biyu.

A masaƙa, in baƙi za su zo, fenti ake yi. Haka ya taso ya gani. Da ya ji masu duba aikin na tafe, ranar hutu ya buɗe sito, ya ɗauko koren fenti, ya bi babban injin da aka bari a tsakiyar zauren tun daga kai har ƙafa.

Washegari Injiniya ta shigo da baƙinta, ta tsaya cak da fayil a hannu.

"Baba, ina tsatsar?"

"Na rufa mata asiri, 'yata. Ai ba a tarbar baƙo da dauɗa."

Wani magini ya ce da an bar Baba, da tattabarun ma sun kwana kore. Ba wanda ya yi dariya. Babban baƙon ya yi doguwar magana a kan tarihi, ya ce tsatsar nan ita ce shaidar gumin ma'aikatan masaƙar. Baba dai ya san gumi ya sha don kada a gan ta.

Aka ce ya kankare fentin a hankali, kada ya taɓa abin da ke ƙasa, daga nan a san matsayinsa. Kwana uku yana bi da 'yar wuƙa. Ƙarƙashin koren sai ga shuɗi, ƙarƙashin shuɗin ga ruwan toka. Ya kira ta.

"Wannan shuɗin ni na shafa shi, shekarar da aka haife ki ko kafin nan. Tokar ma ni ne. Wanne ne tarihin, in tsaya a kansa?"

Ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta buɗe fayil, ta rufe. Ta ce za ta tambayi ofis, kada ya ƙara taɓa komai, kada kuma ya tafi ko'ina sai amsa ta zo.

Sati na shida ke nan. Kullum da safe yana zuwa ya zauna gefen injin da wuƙarsa a aljihu. Baƙi kuma sun fara tsayawa suna tambayarsa launukan.