Matar da Ta Zauna Jiran Kwamfuta Ta Yi Barci

Ranar wata Talata da safe kwamfutar matata ta ƙi buɗe manhajar da take magana da ita. Shanyewar ɓarin jiki ta riga ta ɗauke mata harshe da hannun dama. Abin da ya rage mata shi ne hannun hagu da wannan tsohuwar na'ura: ta danna haruffa, na'urar ta faɗa da murya. Kamfanin da ya yi babbar manhajar, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, ya yanke cewa irin tata ta tsufa. Ba su tambaye ta ba. Ko sun tambaya ma, da me za ta amsa?

Ɗanmu ya kawo sabuwa, siririya kamar faranti. Maɓallanta a shafe suke, yatsun uwarsa sai zamewa suke yi. Ta gwada, ta ture ta, ta juya fuska bango. Mai kemis na bakin layinmu ne ya ce in je wurin Goggon Kwamfuta.

A ƙarshen watan nan Goggo za ta rufe shagonta, idanu sun gaji. Ba wanda zai ba ta lambar yabo. Na san irin waɗanda ake ba wa, na koyar da wasunsu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai hoto da tela. Takan riga su buɗewa, ta share teburi, ta zube sukurori a murfin kwalba, ta rataya filashinta, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, a wuya. A cikin filashin akwai wata babbar manhaja ta kyauta, wadda ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke rubuta ta, kowa yana iya dubawa ya gyara. Matsalar manhajar ɗaya ce: masu ƙera kwamfuta ba su cika tunawa da ita ba. Sai ka saka ta allo ya yi kyau intanet ya ƙi, ko intanet ya kama firinta ta yi kunnen ƙashi. Shekarun Goggo sun tafi ne wajen sasanta manhajar da waɗannan kayan ciki.

Mai hoto ya ba ni labarin yadda ta ciro katin intanet daga gawar wata kwamfuta ta dasa a ta wata ɗaliba ana gobe jarrabawa. Nas ɗin asibitin unguwa ta ce firintarsu ta yi wata da watanni a kan kabad, Goggo ce ta sauko da ita. Kuma duk abin da ya ƙi aiki, takan zauna ta rubuta wa masu manhajar sunan ɓangaren da lambarsa da yadda ya ƙi, ko da mai na'urar ya riga ya tafi.

Na ajiye tamu a gabanta.

"Malam, me ake yi da ita?"

"Magana."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Na yi mata bayani.

"To zauna. Zan gwada ta daga filashi tukuna, ban goge komai ba."

"A sanina, Injiniya, abin da aka ce kyauta ne daga baya ake gane dalili."

"Kai ma ai kyauta kake ba da shawara, ga shi muna raye. Riƙe mini murfin nan, kada ka yi atishawa."

Ta gwada maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ta gwada lasifika, ta saka wata manhajar magana. Kafin azahar na'urar tana karanta rubutu da wata murya kamar ta mai labarai da mura ta kama. Na kai gida. Matata ta jawo ta da hannun hagu, ta rubuta, muryar ta ce, "Ka daɗe."

Washegari da rana ina falo ina karatu. Matata ta yi gyangyaɗi, kwamfutar ma da aka bar ta ta yi nata barcin. Da na leƙa ɗakin sai na tarar matata ta zame ta danne ɓarin da ba ya motsi, numfashi da ƙyar. Allon a cike yake da kalma ɗaya, "zo", layi bayan layi. Na'urar ta farka, muryar ba ta farka ba.

Na koma shagon da maganganu a bakina. Goggo ba ta kare kanta ba. Ta rufe murfin kwamfutar don ta yi barci, ta jira, ta buɗe. Shiru.

"Laifina ne," in ji ta. "A teburin nan na'ura ba ta samun barci, kullum wata tana jira a bayanta. Ban gwada wannan ba."

"To hana ta barcin."

"Zan hana ta na ɗan lokaci. Amma tsohuwa ce, a kan bargo take wuni. Zafi zai kashe ta, in kuma an ɗauke wuta batirin ba zai kai la'asar ba. Wannan ba gyara ba ne, Malam."

Ta rubuta wa kamfanin da ya ƙera ɓangaren sautin. Har yau muna sauraron su. Ta rubuta wa masu manhajar, wani da ba mu san fuskarsa ba ya amsa, ya aiko da gyaran gwaji. Ta ƙi ɗauke na'urar daga hannun matata ko na wuni ɗaya, don haka ita ta riƙa zuwa. Kullum da yamma ta ja ƙofar shago, ta zo ta zauna a kujerar roba a gefen gado, ta saka gyaran, ta naɗe hannu tana jiran kwamfuta ta yi barci. Ta tashe ta. Shiru. Ta rubuta wa mutumin abin da ta gani, ya sake aikowa. Wani gyaran ya dawo da sauti ya kashe maɓallai. Wani ya sa muryar ta koma kamar ana niƙa.

Da aka shiga mako na ban san nawa ba, na ce, "Injiniya, ko likitoci sun san lokacin da ake haƙura."

"Su ba su suka yi mutum ba. Wannan kuwa mutum ne ya haɗa shi, mutum zai kwance shi."

Matata ta jawo maɓallai. Muryar ta ce, "Ƙyale shi. Haka yake tun yana saurayi."

Goggo ta ce, "Yaya, ya aka yi kika ɗauke shi?"

"Ya iya karanta wasiƙa."

Wata yamma na'urar ta yi barci, Goggo ta ce wa matata ta tashe ta da kanta. Yatsan ya taɓa maɓalli, allo ya haskaka, ta rubuta a hankali.

"Ana ji na?"

"Ana jin ki, Yaya."

Goggo ta sake sa na'urar barci, ta cire wayar caji, ta sake. Sai da ta gaji da kanta sannan ta rubuta wa mutumin cewa an dace. Daga baya aka shigar da gyaran cikin manhajar gaba ɗaya. Duk mai irin wannan na'ura a ko'ina ya samu, bai san daga gefen wane gado ya fito ba. Tun lokacin kuma, Goggo ba ta sallamar kwamfuta sai ta bar ta ta yi barci ta tashi a gabanta. Tela ya ce masu jira suna ƙorafi. Ba ta sauya ba.

Injiniya, ke ce mai gwada abin da ba a rubuta a kwali ba. Ke ce kika yi kuskure kika kira shi da sunansa, a zamanin da kowa ya koyi cewa "matsalar daga sama take". Na gode.

Ku kuma masu gyara da za ku gaji layin nan, in abu ya ƙi, kada ku ce wa mai shi ya sayi sabuwa kawai. Ku gano ɓangaren da ya ƙi, ku rubuta wa masu manhajar, ku jira amsa, ku sake gwadawa. Ku tambayi mutum me yake yi da na'urarsa kafin ku taɓa sukuru.

Da matata ta rasu, Goggo ta zo gaisuwa. A bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Malam, na'urar ta riƙe kuwa?" Kafin in buɗe baki dangi suka shigo, aka ja ni. Tun daga nan ina wucewa ta gaban shagon, mu gaisa, in ga mutane, in wuce ban ba ta amsa ba.

Ta riƙe, Injiniya. A safiyar ƙarshe ina kicin ina wanke-wanke, matata da na'urar duk suna barci. Matata ta farka, ta tashe ta, na ji muryar nan sarai ta cikin ƙarar famfo: "Bar kwanukan nan." Na bar su. Ina riƙe da hannunta lokacin da ta cika.